Kwale-kwalen Robar Yayana

Yayana masunci ne, ko da yake ba gado ya yi ba. Mahaifinmu manomi ne a Rurum, kakanmu ma haka, amma da ruwan dam ya cinye gonakinmu na fadama, shi Yaya sai ya bi ruwan. Ya koyi sana'ar su a hannun baƙin masunta da suka kafa bukkoki a bakin gaɓa, har ya zama idan ana zancen masu iya jefa birgi, wato ragar jifa, ba a tsallake shi. Da kifin nan ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da shi na yi karatu har na zama malamin firamare aka tura ni Kibiya. Tun da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

A farkon dawowar mulkin farar hula, wani mai neman kujera ya zo bakin dam da babbar mota cike da ƙananan jiragen roba masu ruwan bula, ya raba wa masunta. Yaya ya samu ɗaya. Kafin motar ta juya masunta sun raɗa wa jirgin suna baho. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai ja shi, ba ya ruɓewa, ba ya yoyo, amma gindinsa kamar na ƙwarya yake, da ka ɗan karkata sai ya karkata tare da kai. Ranar da Yaya ya gwada shi, yana miƙewa zai jefa birgi ya tsinci kansa a ruwa, mutane suna ta dariya. Ya jawo shi gida ya kife bayan rumbu, ya koma wa kwale-kwalensa na katako. Kaji suka mai da bahon wurin fakewa.

Ciwon ya same shi ne da damina. Ya dawo daga ruwa da hantsi, ya zauna zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa. Matarsa ta ce ta ga yana kallon butar yana son magana, bakin ya karkace. Aka kai shi asibiti a Rano, aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin hagu. Ya yi makonni a kwance, sannan aka sallame mu da magunguna, aka ce a riƙa motsa masa hannu da ƙafa. Ƙafar ta ɗan dawo, yana iya jan ta da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Maganarsa ma ta dawo, sai dai a hankali, kamar mai ɗauke da ruwa a baki. Hannun ne bai dawo ba. Kullum matarsa sai ta ɗumama ruwa ta gasa masa shi, ta shafa man zafi, ta riƙa lanƙwasa yatsun tana tambayar ko yana ji. Yakan ce yana ɗan ji. Da wannan maganar muke kwana, muna cewa sauƙi yana hanya.

Kowace Juma'a bayan an tashi daga makaranta nakan hau babur daga Kibiya in bi ta Rano in je Rurum, in kwana biyu. A zaure nake samun sa, ya jingina da bango, rediyo a gefensa. Lokacin babu abin da ake yi a rediyo sai zancen Shari'a da zancen 'yan siyasa, mutanen unguwa sukan taru a zauren su yi ta musu, shi kuwa ba ya sa baki. Mutumin da a da idan ya fara labari sai an roƙe shi ya tashi a yi salla. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat a cikin 'yan watanni. Kwale-kwalensa na katako yana can a kan tudu rana tana dukansa, har ya tsattsage, babu wanda ya iya gaya masa.

Yana da wani amini, masunci, tare suka koyi sana'ar, tare suka tsufa a cikinta. Shi ne kullum yake aiko da tarwaɗa a yi wa Yaya farfesu. Wata Asabar muna zaune mu uku, aminin yana ba da labarin yadda ruwa ya cika har ya taɓa tsohuwar tsamiya, sai Yaya ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, yana son ya sake ganin Rurum daga cikin ruwa kafin ya mutu. Muka ce masa ya daina zancen mutuwa. Ya ce to, ya daina, amma maganar ruwan tana nan.

Aminin ya ce kwale-kwalen katako siriri ne, mai lafiya ma da ƙafafunsa yake riƙe kansa a ciki, balle wanda ɓari ɗaya ba ya tallafe shi. Ni ne na tuna da bahon. Na ce yana da faɗi, ko za a yi masa wata dabara ya daina tangal-tangal. Na faɗa ne kawai don kada a yi shiru. Sai na ga Yaya ya kashe rediyo ya ce a jawo masa shi ya gani.

Muka kore kaji, muka wanke shi, muka ajiye a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya. Matarsa ta shimfiɗa masa tabarma kusa. Ya daɗe yana kallonsa, yana ƙwanƙwasa gefensa da sanda, sannan ya ce a yi masa fukafukai. Ya bayyana mana abin da yake nufi: a gitta gora biyu masu ƙwari a kan jirgin, ɗaya gaba ɗaya baya, su zarce ta kowane gefe, a ɗaura jarkoki marasa komai a bakinsu. Idan jirgin ya tashi karkata, jarkar gefen za ta toka ruwa ta mai da shi.

Daga ranar gidan ya canza. Ni nake sayo kaya daga Rano, aminin yake ɗauri, Yaya yake ba da umarni, kuma ba shi da sauƙi. Na kawo jarkokin manja, ya sa aka cika su da ruwa aka kife a ga ko murfin yana yoyo, ya mai da biyu. Na ce a huda jikin jirgin a sa noti, ya ce kada wanda ya kuskura ya huda masa jirgi a inda ruwa yake taɓawa. A leɓen sama kawai ya yarda aka yi 'yan huji da ƙusa mai zafi, kowanne kuma sai da aka sa masa guntun katako ta ciki don kada robar ta yage. Ɗaurin ma ya ce da igiya kaɗai zai saki, sai an bi shi da robar tif ɗin taya. Idan aminin ya yi ƙulli bai yi masa ba, sai ya ce a kawo, ya kama bakin igiya ɗaya da haƙori, ya ja ɗayan da hannun dama, ya nuna masa. Su yi ta faɗa kamar yara, aminin yana cewa shi ma ba jiya ya fara su ba.

Wurin zama ne ya fi ba mu wahala. Bencin da jirgin ya zo da shi yana sama, Yaya ya ce duk wanda ya zauna a nan ya riga ya faɗi. Muka cire shi. Wani kafinta a Rano ya yi mana shimfiɗar katako mara nauyi daidai cikin jirgin, muka yanke ƙafafun wata kujerar roba muka ɗaure ta a kai, ƙasa sosai, a tsakiya. Matarsa ta yanko soso daga tsohuwar katifa ta ɗinke shi cikin buhu don zama da jingina. Ta gefen hagu muka sa wani katako mai soso, wanda zai tare kafaɗarsa ya kuma ɗora hannun a kai. Ita ce ta ce a ɗaure shi da kujerar da zani don kada ya zame. Aminin ya ce a'a, ba a ɗaure mutum da jirgi, idan ya kife tare za su tafi. Maimakon haka ya kawo ƙananan jarkoki biyu ya haɗa su da ƙyalle, yadda za a sa wa Yaya a ƙirji, ko ya faɗa ruwa fuskarsa tana sama.

A watannin nan Yaya ya fara cin abinci sosai. Yakan tashi tun da asuba ya ce a fitar da shi wurin jirgi. Matarsa ta gaya mini cewa ranar Juma'a tun azahar yake sa kunne ya ji ƙarar babur ɗina, don ya ga abin da na kawo. Har tsokanar ta ya koma yi, yana cewa ɗinkinta na soso ya karkace kamar bakinsa.

Da muka gama, muka ɗora jirgin a amalanke muka kai bakin dam don gwaji, Yaya a bayan babur, ni ina tuƙi a hankali. Muka zaunar da shi a inuwa. Aka ce ni zan zauna a kujerar tunda tsayinmu ɗaya, a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Na zauna, na karkata dama, jarkar ta tare ni. Na karkata hagu, haka. Sai na ji daɗi na miƙe tsaye na taka gefe da ƙarfi. Gorar baya ta zame daga ɗaurinta, jirgin ya juya, na faɗa ruwa da riga da hula. Ina ɗagowa na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba. Yaya ne yake dariya, rabin fuskarsa tana dariya rabi tana tsaye, hawaye yana zuba, yana dukan ƙasa da sanda. Ya ce Malam ya zo da ilimin boko ruwa ya ƙi karɓa.

Gwajin ya nuna mana abubuwa. Jarkokin sun yi ƙasa da yawa, suna jan ruwa suna hana tafiya, kuma gorar baya tana tare filafilin tuƙi. Muka ɗaga su yadda sai jirgin ya karkata za su taɓa ruwa, muka matsar da gorar, muka fafe mata gurbi a katako don kada ta sake zamewa. Aminin ya loda buhun yashi a kujerar ya yi ta zagaye da shi, har da ranar da ake iska, ya dawo ya ce ko saniya aka ɗora ba zai kife ba.

Muka sa ranar Lahadi da safe, lokacin da ruwa yake kwance. Tun yammacin Asabar aminin ya je ya kafa kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana, a wani lungu da Yaya ya fi so, don ya samu abin ja da hannunsa. Matarsa ta fito masa da rigarsa ta su da ta wanke ta ajiye tun ranar da ya faɗi. Ta rako mu har zaure tana ta jaddada mini kada in bari ya jiƙe.

Ni da aminin muka ɗauke shi muka zaunar a kujerar. Muka sa masa jarkokin ƙirji, muka ɗora hannun hagu a kan katakon. Aminin ya zauna a baya da filafili, ni kuma na shiga kwale-kwalen wani masunci muka bi su a gefe. Masuntan da ke gaɓa suka bar abin da suke yi suka tsaya suna yi masa barka, yana ɗaga musu hannu.

Jirgin bai ko girgiza ba. Yana tafiya a hankali, fukafukansa a buɗe, Yaya a tsakiya ya jingina kamar mai zaune a zaurensa. Da muka yi nisa ya sa aka juya shi ya fuskanci gari. Ya yi ta nuna mini wurare, inda gonarmu take a ƙarƙashin ruwa, inda ya taɓa kama wani ƙaton kifi, ragon ruwa, da sai da aka taya shi ɗauka, duwatsun da idan suka daidaita da hasumiyar masallaci ka san kana kan zurfi. Muryarsa ta fi fita fiye da yadda na saba ji tun ciwon. Na ce a raina ashe abin da ya rage ke nan.

Muka isa wurin kallin. Aminin ya kamo bakin ragar ya miƙa masa. Yaya ya ja da hannun dama, ragar ta taso, ga karfasa tana walƙiya a ciki. Amma jan raga aikin hannu biyu ne, ɗaya ya ja ɗaya ya riƙe. Da ya saki don ya ƙara kamowa sai ta koma. Ya sake ja, ya danne da gwiwa, ta zame. Ya kama da haƙori kamar yadda yake yi wa igiya a gida, ruwa da ciyawa suka zubo masa a gemu. Aminin ya matso zai taimaka, Yaya ya girgiza kai. Da ƙyar ya kawo kifin bakin jirgi, ya sa hannu zai zare shi daga raga, kifin ya yi wutsil-wutsil ya suɓuce ya koma ruwa.

A cikin wannan kokawar hannunsa na hagu ya zamo daga kan katakon, ya faɗa ta gefen jirgi. Daga inda nake ina ganin sa, ya nutse har wuyan hannu, ruwa yana kaɗa yatsun. Na ɗauka da gangan ya sa shi. Ya daɗe a haka. Sai da Yaya ya juyo zai yi wa aminin magana idonsa ya faɗa kan hannun. Ya tsaya yana kallonsa kamar na wani. Ya sa hannun dama a ruwa ya fitar, ya sake duban na hagun.

"Malam," ya ce, "tun yaushe yake ciki?"

Na ce bai daɗe ba.

"Ruwan da sanyi," ya ce. "Ban ji ba."

Ya sa hannun dama ya ɗago shi, ya ɗora a cinyarsa, ya goge shi da bakin riga. Sannan ya ce wa aminin a mai da shi gida. Aminin ya ce ai kallin cike yake, su ƙarasa. Yaya ya ce masa ya dawo ya kwashe daga baya. Duk hanyar komawa bai sake duban gari ba, ƙasan jirgin yake kallo. Ni kuma na juya fuskata wajen duwatsu, don kada masuncin da yake tuƙa ni ya ga halin da nake ciki.

A gaɓa mutane suka taru suna yaba jirgin, suna taɓa gorar, suna tambayar yadda aka ɗaure kujerar. Da muka ɗago shi, ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Jirgi ya yi, Malam. Ni ne ban yi ba."

A gida matarsa ta tarye mu da murna tana tambayar yaya ruwa. Ya ce ruwa lafiya lau, ya gaji ne, ya shiga ɗaki. Washegari ya aika aka kira aminin ya ce ya bar masa jirgin, tunda shi ma aminin gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, kujerar za ta yi masa amfani. Aminin ya ce ajiya ce zai riƙe har Yaya ya ƙara samun ƙarfi. Yaya bai yi musu ba.

Bai sake zancen ruwa ba. Na yi ta kawo dabaru, na ce za a yi masa ƙugiya a gefen jirgi da za ta riƙe raga, na ce mu koma ko don shan iska. Sai ya ce Allah ya kai mu, ya kunna rediyo. Abincin ya sake raguwa. Ya daina fitowa zaure sai an matsa masa. Maganinsa yana sha, salla ba ta wuce shi, ba ya faɗa da kowa, ba ya ƙorafi, amma kana zaune da shi ka san ya riga ya sallama. Wata rana na iske aminin a bakin zaure ya kasa shiga, ya ce mini da ya sani da ya riƙa kwance ƙullin nan da daddare, mu yi ta gyaran jirgi har abada.

Da bazara ciwon ya sake bugun sa, wannan karon bai farfaɗo ba. Ina aji aka zo aka kira ni. Kafin in isa Rurum an yi masa wanka. Masunta ba su shiga ruwa ba ranar, duk suka zo, suka yi ta karɓar makara daga hannu zuwa hannu har maƙabarta.

Da matarsa ta gama takaba, 'yan'uwanta suka zo daga Unguwar Gai za su tafi da ita, tunda Allah bai bar musu 'ya'ya ba. Ana ɗaure kaya ta kira ni gefe. Ta ce akwai abin da take son tambaya ta tun tuni. Mutumin da ya fita da safe yana tsokanar ta ba shi ne ya dawo ba, kuma har ya rasu bai gaya mata abin da ya faru a ruwa ba. Ta tambayi aminin ya ce ta tambaye ni.

Na gaya mata. Na gaya mata zancen ragar da kifin da ya suɓuce, da hannun, da abin da ya ce.

Ta murɗa bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Har daren da ciwon zai sake bugun sa sai da na gasa masa hannun nan. Na tambaye shi ko ruwan ya yi zafi, ya ce in ɗan surka."

Ta zauna a kan ƙullin kayanta ta rufe fuska. Na tsaya a wurin har ƙaninta ya leƙo ya ce mota tana jira. Na taya su fitar da kayan. Da suka tafi na zagaya gidan na rufe tagogi, na ba maƙwabta kajin da suka rage, na sa kwaɗo a ƙofar zaure. La'asar ta yi, na yi salla a masallacin unguwa, na hau babur na kama hanyar Kibiya.